Dune: Part Three: Abin da Ya Kamata Mu Sa Rai da Shi Kafin Disamba 2026

Ranar Juma'a, 18 ga Disamba, 2026, kamfanonin Warner Bros. da Legendary suka tsayar domin sakin Dune: Part Three, kashi na uku na fim ɗin da darakta Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ke ginawa a kan littattafan Frank Herbert. A wannan rana ce kuma kamfanin Marvel ya shirya fitar da Avengers: Doomsday, don haka manyan giwaye biyu ne za su haɗu a kasuwa ɗaya.

Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli kashi na biyu suna jiran yaƙin da ya fi na baya girma da tsutsotsin rairayi da suka fi na baya ban tsoro. Sai dai littafin da aka ɗauko labarin wannan karon daga cikinsa wani iri ne daban, kuma wanda bai san haka ba zai iya fitowa daga sinima yana ƙorafi. A wannan bayani za mu duba asalin labarin, da kuɗin da ake zubawa, da na'urorin da ke bayan hotunan, sannan mu ga abin da ya dace mai kallo ya sa rai da shi.

Daga ina labarin ya fito?

Frank Herbert ɗan jarida ne Ba'amurke. A shekarar 1957 ya je jihar Oregon domin rubuta rahoto kan yadda tuddan rairayi ke cinye ƙasa da yadda ake shuka ciyawa don tsayar da su. Daga nan tunanin duniyar da babu komai cikinta sai hamada ya shiga ransa. Littafin Dune ya fito a 1965, bayan kamfanonin ɗab'i sama da 20 sun ƙi karɓarsa. Kamfanin da ya yarda ya buga shi, Chilton, an fi saninsa da littattafan koyar da gyaran mota. A yau ana lissafa Dune cikin ƙagaggun labaran kimiyya da aka fi saye a duniya. Herbert ya rubuta littattafai shida a wannan jeri kafin rasuwarsa a 1986.

Labarin yana faruwa a duniyar Arrakis, wuri ɗaya tak da ake samun sinadarin melange, wanda ke tsawaita rayuwa, kuma matuƙa jiragen sararin samaniya ba sa iya tafiya mai nisa sai da shi. Duk wanda ya mallaki Arrakis ya riƙe wuyan daular baki ɗaya. Wani matashi ɗan sarauta, Paul Atreides, ya tsira bayan an hallaka mahaifinsa, ya fake wajen mutanen hamada da ake kira Fremen, daga baya ya zama jagoransu ya ƙwace mulki.

Mai karatu Bahaushe zai ci karo da kalmomin da ba baƙi ba ne a kunnensa. Herbert ya aro kalmomi da dama daga Larabci da tarihin Musulunci, har mutanen Fremen suna kiran Paul da laƙabin Mahdi. A littafin an kira yaƙinsu jihadi, amma finafinan Villeneuve sun kauce wa kalmar, suka ce yaƙi mai tsarki. Ya kamata a tuna cewa addinin da ke cikin labarin ƙirƙirarre ne, marubucin ya harhaɗa shi daga wurare daban-daban.

Duniyar da babu kwamfuta

Abin da zai ja hankalin mai sha'awar fasaha shi ne, duk da labarin yana faruwa dubban shekaru nan gaba, babu kwamfuta ko mutum-mutumi mai tunani a cikinsa. A tarihin da Herbert ya ƙaga, 'yan Adam sun taɓa yin yaƙi da na'urori masu tunani, suka haramta ƙera su. A madadinsu sai aka horar da wasu mutane da ake kira Mentat, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke yin aikin lissafi da nazari. A wannan lokaci da ake ta muhawara kan ƙirƙirarriyar basira, wannan ɓangare na labarin ya ƙara samun masu sauraro.

Na'urorin da ke akwai kuwa da yawansu na tsira da rai ne. Akwai rigar da ke tattara gumi da sauran ruwan jiki ta tace su domin mutum ya sake sha. Akwai jirgi mai kaɗa fikafikai kamar mazari. Akwai kuma sandar da ake kafawa cikin rairayi tana bugawa a hankali domin kiran ƙatuwar tsutsa.

Kuɗi kaɗai ba ya yin fim

Mayar da tsohon littafi zuwa babban fim kasada ce, kuma tarihin Hollywood cike yake da misalai. Shi kansa Dune ya taɓa ba da kunya. A shekarun 1970 darakta Alejandro Jodorowsky ya yi ta shiri amma ba a kai ga ɗaukar fim ɗin ba. A 1984 David Lynch ya fitar da nasa, wanda ya ci kusan dala miliyan 40, bai kuma mayar da kuɗinsa ba. Matsalarsa ita ce an cusa littafi mai kauri cikin sa'o'i biyu da 'yan mintuna, mai kallo ya rasa inda aka dosa.

Misali mafi zafi shi ne John Carter na kamfanin Disney a 2012. An ɗauko shi daga A Princess of Mars na Edgar Rice Burroughs, mutumin da ya ƙirƙiri Tarzan, labarin da ya fara fitowa a mujalla tun 1912. An kashe sama da dala miliyan 250 wajen haɗa shi, ya samo kusan miliyan 284 a duniya, kuma Disney ya sanar da asarar kimanin dala miliyan 200. Za ka iya tambaya, ta yaya fim zai samo fiye da abin da aka kashe kuma a ce an yi asara? Dalili shi ne gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuma kuɗin talla ba ya cikin adadin da ake ambata na haɗa fim. Wani abin da ya cuci John Carter shi ne finafinai irin su Star Wars da Avatar sun riga sun ɗebi ra'ayoyi daga irin labaran Burroughs, sai na asalin ya zo ya yi kama da kwaikwayo.

Villeneuve ya kauce wa ramin da Lynch ya faɗa ta hanyar raba littafin farko gida biyu. Kashi na ɗaya ya fito a 2021 a kan kusan dala miliyan 165, ya samo sama da miliyan 400 duk da annobar korona da kuma sakinsa a manhajar HBO Max a Amurka rana ɗaya da sinima, sannan ya lashe kyautar Oscar shida. Kashi na biyu ya fito a Maris 2024 a kan kusan miliyan 190, ya haura miliyan 700, ya ƙara Oscar biyu, ta sauti da ta haɗa hoto da kwamfuta.

Fasahar da ta sa hamadar ta yi kama da gaske

Sirrin finafinan biyu shi ne an rage dogaro da koren labule. An je hamada ta gaske, Wadi Rum a Jodan da yankin Liwa a Abu Dhabi, sauran aikin kuma aka yi shi a ɗakunan ɗaukar fim na Budapest a Hungari. Inda dole sai an sa labule a bayan jarumai, masu aikin kamfanin DNEG sun yi amfani da mai launin rairayi, domin hasken da ke dawowa fuskar jarumi ya zama irin na hamada. Jiragen nan masu kama da mazari ma an ƙera gangar jikinsu da cikakken girma aka kai su filin ɗauka, fikafikan ne aka ƙara da kwamfuta.

Mai ɗaukar hoto Greig Fraser ya yi amfani da kyamarorin dijital na kamfanin Arri, sannan aka buga hoton a kan zaren fim aka sake mayar da shi kwamfuta, domin a rage tsananin kaifin dijital. A kashi na biyu, yanayin filin dagar nan mai launin baƙi da fari an ɗauke shi ne da kyamarar da aka gyara don ta kama irin hasken da rimot ɗin talabijin ke aikawa, wanda idon mutum ba ya gani. Shi ya sa fatar mutanen ta fito fara fat kamar ba ta 'yan Adam ba.

A kashi na uku an samu canji. Linus Sandgren, wanda ya ci Oscar da La La Land, shi ya karɓi kyamara, kuma an koma amfani da zaren fim na gaske, har da kyamarorin IMAX a wasu sassa. Waɗannan kyamarori suna ba da hoto mai faɗi da zurfi, amma suna da nauyi da ƙara, kuma zaren da ake ɗora musu yakan ƙare cikin kimanin minti uku. Saboda haka ana sa ran launi da yanayin hoton za su ɗan bambanta da na baya. Hans Zimmer ne zai ci gaba da kiɗa.

A nan gizo ke saƙar

Kashi na uku ya dogara ne kan littafi na biyu, Dune Messiah, na 1969. Bai kai rabin na farko tsawo ba, kuma yana farawa shekara 12 bayan Paul ya hau mulki. Yaƙin da aka yi da sunansa ya riga ya ci rayuka biliyan 61 kafin labarin ya soma, wato mafi yawan faɗan ya wuce a bayan fage. Abin da ya rage shi ne makircin fada, da ƙulle-ƙullen masu son kifar da sarki, da mutumin da ke hango abin da zai faru amma ya kasa kauce masa.

Herbert ya sha bayyana cewa manufarsa gargaɗi ce kan haɗarin miƙa wuya ga shugaba mai kwarjini ba tare da tambaya ba. Masu karatu da yawa sun ɗauki Paul gwarzo a littafin farko, na biyun kuma ya zo ya nuna musu abin da wannan gwarzontaka ta jawo. Wasunsu ba su ji daɗi ba a lokacin. Tambayar yanzu ita ce ko kamfanin da ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli zai bar jaruminsa, Timothée Chalamet, ya fito a matsayin mai mulkin da hannunsa ya jiƙe da jini.

Akwai alamar cewa Villeneuve ya shirya wa hakan. A littafin farko Chani ta ci gaba da zama tare da Paul bayan ya amince ya auri Gimbiya Irulan domin siyasa. A fim kuwa Chani, wadda Zendaya ke fitowa a matsayinta, ta juya masa baya cikin fushi ta koma hamada. Wannan canji ya sa mai kallo ya fara zargin Paul tun kafin a kai ƙarshe, amma ya bar wa marubutan aiki, domin labarin Dune Messiah yana buƙatar su biyun a wuri ɗaya.

Sauran abubuwan da za a zuba wa ido sun haɗa da dawowar Jason Momoa. Duncan Idaho ya mutu a kashi na ɗaya, amma a littafin wasu masana sarrafa ƙwayoyin halitta da ake kira Tleilaxu sun sake gina shi daga gawarsa, aka ba Paul shi kyauta da mugun nufi. Akwai Anya Taylor-Joy a matsayin Alia, ƙanwar Paul, wadda aka nuna na ɗan lokaci a kashi na biyu. Florence Pugh za ta dawo a matsayin Irulan, Robert Pattinson kuma ya shigo cikin jarumai. Villeneuve ya ce wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe a duniyar Dune, kuma tuni aka zaɓe shi ya ba da umarnin sabon fim ɗin James Bond.

A wane allo za ka kalle shi?

Yawancinmu a waya ko talabijin muke kallo, kuma hakan yana rage wani abu. Allon IMAX ya fi na sinima na yau da kullum tsayi, don haka akwai ɓangaren hoto na sama da ƙasa da ake yankewa a sauran allunan. A Najeriya akwai zauren IMAX na Filmhouse a Lekki da ke Legas, wanda aka buɗe a 2016. Wanda ba zai iya zuwa can ba, kowane gidan sinima mai kyakkyawan sauti zai wadatar.

Idan a gida za ka kalla bayan ya fito a manhajojin kallo, ka fi ba sauti muhimmanci a kan girman allo. Rugugin tsutsa da kiɗan Zimmer suna cikin ƙananan sautuka masu nauyi waɗanda lasifikar waya ba ta iya fitarwa, don haka ko abin sawa a kunne mai kyau zai canza maka kallon. Ka rage hasken ɗaki, domin yanayi da yawa na finafinan Dune masu duhu ne. Kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima kuwa, ban da kasancewarsa satar fasaha, yana kashe duk abin da aka kashe kuɗi dominsa.

Abin da za a iya cewa tun yanzu

Ta fuskar hoto da sauti, tarihin finafinan biyu ya isa ya kwantar da hankali. Inda ake jiran gani shi ne labari. Idan aka cika fim ɗin da yaƙe-yaƙe don a yi gogayya da Avengers, za a iya rasa saƙon da ya sa ake karanta littafin sama da shekara 50. Idan kuma aka bi littafin sau da ƙafa, wasu masu kallo za su ga tafiyar ta yi sanyi. Wanda ke son shiga da shirinsa yana da isasshen lokaci ya sake kallon kashi na ɗaya da na biyu, ya lura da yadda fuskar Chani ke canzawa duk lokacin da jama'a suka durƙusa wa Paul, domin daga nan kashi na uku zai ɗora.