Ƙofofin da ke tsare numfashinmu

A kowane gefen wuyan mutum, daidai inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu kafin ta hau kai, akwai ɗan kullutun nama da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ana kiransa kullutun karotid. Aikinsa ɗanɗana jini. Da zarar iskar oksijin ta ragu, sai ya sanar da ƙwaƙwalwa a ƙara numfashi. Binciken wannan aiki ne ya samar wa Corneille Heymans na Beljiyam kyautar Nobel ta 1938.

Sirrin yana jikin ƙwayoyin kullutun. A fatar kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu. Muddin iskar ta wadata, a buɗe suke, ƙwayar kuma shiru take. Idan ta yi ƙasa sai su rufe, cajin lantarkin ƙwayar ya sauya, ƙofofin kalsiyam su buɗe. Shigar kalsiyam ce ke sa ƙwayar ta fesa sinadaran saƙo ga jijiyar da ke zuwa ƙwaƙwalwa, nan take mutum ya fara haki. José López-Barneo da abokan aikinsa a Sifen ne suka nuna irin waɗannan ƙofofi a jikin zomo a 1988.

Sai dai ba ƙarancin iska kaɗai ke taɓa su ba. Maganin doxapram toshe su yake yi, ƙwayar ta ɗauka iska ta ƙare, majiyyacin da numfashinsa ya yi rauni ya shiga jan numfashi da ƙarfi. Maganin sa barci irin su halothane kuwa buɗe su yake yi, ƙwayar ta yi gum ko da iskar ta ragu. Ɗan burbushinsa a jiki ya isa ya dusashe gargaɗin, kuma yana cikin dalilan da ke sa a tsare wanda aka yi wa tiyata, a sa masa oksijin har ya wartsake.

Akwai kuma dafin da ke wuce kullutun salin-alin. Oksijin da ta narke a ruwan jini kullutun yake aunawa, ba wadda jajayen ƙwayoyi ke ɗauke da ita ba. Iskar kabon monoksaid ta hayaƙin janareto da garwashin gawayi kuwa jajayen ƙwayoyin take kamawa, don haka ƙofofin ba sa rufewa, mai barci ba ya jin shaƙewar da za ta tashe shi. Janareto a waje, nesa da taga; kaskon wuta kuma a fitar da shi kafin a rufe ɗaki, komai tsananin hunturu.