Idan Mutum Ya Faɗi A Sahu, Me Za Mu Yi Kafin Asibiti?



A azumin bara wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahu na biyu muna tsakiyar sallar Isha'i. Mu faɗi gaskiya kan abin da muka yi: wani ya yayyafa masa ruwa, wani yana ta fifita, wani har cokali ya nemo zai tura masa a baki, sauranmu muka yi masa rumfa muna salati. Sai wani yaron unguwarmu, ɗalibin likitanci a Korle Bu, ya ratso ya ce, "Malam, a ba shi iska, wani ya kira 112." Ya durƙusa ya hau danna ƙirjinsa. Dattijon ya isa asibiti da rai. Daga baya muka zaunar da yaron ya karantar da mu, mu da muka koya masa alif da ba.

Idan zuciya ta tsaya, jini ya daina kai iska ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa. To, asibitin Maamobi da Asibitin Soja na 37 duk ba su da nisa da mu, amma wace motar asibiti ce za ta ratsa cunkoson titin Nima, ta shigo lungunanmu cikin minti 5? Mutanen Nima ba su manta da 9 ga Mayu, 2001 ba, ranar da sama da mutum 120 suka rasu a turmutsutsun filin ƙwallo na Ankara, da yawansu 'ya'yan Zango. Bayan wannan musiba ne aka kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004. Alhamdulillahi, amma mintunan farko suna hannun wanda ke tsaye kusa.

Da farko ka taɓa kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi, ka dubi ƙirjinsa kamar daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka danna komai, kuma kada a ɗura masa ruwa ko koko, zai iya shaƙewa. In ba ya numfashi, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce shi ya kira 112, domin "a kira mota" ba ta kama kowa. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda aka horar yakan hura iska sau 2 bayan dannawa 30. Wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa kawai, in ya gaji wani ya karɓa.

Wurin da muka fi kuskure shi ne nan: wanda zuciyarsa ta tsaya yakan riƙa jan numfashi jefi-jefi da ƙara kamar minshari. Mu da mun ji haka sai mu ce gargara ce, mu naɗe hannu mu fara laƙƙana masa shahada. Wannan jan ba numfashi ba ne, alama ce ta a fara dannawa yanzu-yanzu. Wani ya laƙƙana, wani ya danna, ba sa karo da juna.

An tambaye mu hukuncin yanke salla. Malamanmu sun ce wajibi ne a yanke ta domin ceton rai, a sake ta daga baya. Haka in mace ce ta faɗi kuma babu macen da ta iya, lalura ta halatta wa namiji ya taimake ta, a suturta ta gwargwadon iko. Haƙarƙari ma yakan karye wajen dannawa, wannan kuwa yana warkewa. A fahimtarmu sanin wannan aiki farilla ce ta kifaya a kan kowace jama'a.

Sai ku 'ya'yanmu masu karatun likita da na haƙori. Kada mai karatun haƙori ya ce wannan ba fanninsa ba ne, mutum yakan suma a kujerarsa don tsoro, wani kuma jikinsa ya ƙi allurar kashe zafi har numfashi ya sarƙe. Kuma aikin nan kamar hadda yake, in ba a tilawa sai ya zube; shi ya sa a wurare da yawa ake sabunta horon duk shekara 2. Yaron nan ya ce mana karantawa a takarda daban, hannu ya saba a kan mutum-mutumin roba daban. Muna roƙonku, in kun zo hutu ku aro mana irin wannan roba, ku zo makaranta ranar Asabar bayan La'asar. Za mu fara da ladanai da masu gyara sahu, ɗalibai mata kuma su koya wa iyayensu mata a nasu ɓangaren.