Kafin ka sayi sabon talabijin, duba ko manhajarsa ce kawai ta tsufa

Duk wanda ya sayi talabijin mai haɗi da intanet ya san yadda abin ke tafiya. A watannin farko komai sumul. Bayan shekara biyu ko uku sai ka danna rimot ka zauna jiran amsa, YouTube ya riƙa maƙalewa, wata manhajar ma ta daina buɗewa gaba ɗaya. Da yawa sukan ɗauka talabijin ɗin ya lalace, alhali allon zai iya ƙara shekaru yana aiki. Ƙaramar kwamfutar da ke cikinsa ce ta gaza.

Domin rage farashi, kamfanoni kan sa ƙwaƙwalwa mai rauni da ma'ajiya kaɗan, su kuwa manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi. Ga shi kowane kamfani da tsarinsa: Samsung na amfani da Tizen, LG da webOS, Hisense da VIDAA a yawancin nasa, Sony kuma da Google TV. Idan samfuri ya tsufa, masu manhaja sai su juya masa baya. A Disambar 2019, Netflix ta daina aiki a wasu talabijin ɗin Samsung ƙirar 2010 da 2011.

Akwai kuma batun sirri. Yawancin waɗannan talabijin na da fasahar da ke gane abin da kake kallo ta aika wa kamfani, domin a tura maka tallar da ta dace da kai. A 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka saboda tattara bayanan masu kallo ba tare da izininsu ba. A 2024 Walmart ya saye kamfanin kan kimanin dala biliyan 2.3, kuma harkar tallar na cikin manyan abubuwan da suka ja hankalinsa.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka cire talabijin ɗin daga intanet, ka jona masa ƙaramar na'ura ta kafar HDMI, kamar Fire TV Stick na Amazon, Xiaomi TV Stick ko Google TV Streamer, wanda ya maye gurbin Chromecast a 2024. In ta tsufa, ita kaɗai za ka sauya, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na sabon talabijin ba. Mai laftof na iya haɗa ta da wayar HDMI kai tsaye.

Sai dai a yi hattara da akwatunan Android marasa suna da ake tallatawa da alƙawarin tashoshi kyauta. A 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi cewa wasunsu na zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Ka tabbatar na'urar na da shaidar Play Protect ta Google.

In kuma za ka ci gaba da manhajar talabijin ɗin, shiga saiti ka kashe Viewing Information Services a Samsung, ko Live Plus a LG, ka goge manhajojin da ba ka amfani da su. Ka kuma rage ingancin hoto idan data kake saye: awa ɗaya na Netflix a HD na iya cin gigabait 3, a 4K kuwa har 7.