An Yi Aikin Bakin Mahaifa: Me Ya Sa Sai An Koma Asibiti?

'Yan'uwa mata, a cikin ƙungiyoyinmu akwai waɗanda aka duba wa bakin mahaifa, aka ga tabo, aka yi musu aiki. Tabon nan ba sankara ba ne tukuna, amma in an bar shi yana iya zama ita. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke kawo shi, kuma ana ɗaukarta ta wajen kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 ta isa.

Yadda saura ke ragewa

Wata ana ƙona mata tabon da zafi ko da sanyi, wata kuma a yanke shi da 'yar siririyar waya mai aiki da lantarki. Yawancin mata suna warkewa daga aiki ɗaya. Sai dai wani tabon yana da faɗi, wani ya shige can ciki inda ido ba ya kaiwa, sai a samu ɗan guntu ya rage. Wannan guntun ba ya ciwo, ba ya jini. Mace tana daka, tana zuwa kasuwa, lafiyarta lau, alhali yana nan. Gwaji kaɗai ke nuna shi.

Abin da za ki yi

Na ɗaya, in an yanke miki, ana kai naman ɗakin gwaji. Ki koma ki karɓi sakamakon, ki tambayi likita kai tsaye: "An cire duka, ko akwai saura?"

Na biyu, ki ba wurin mako 4 ya warke. Ba kwanciya da maigida, ba matsi, ba kayan mata, ba zama cikin ruwan bagaruwa. In faɗa wa maigida zai yi miki nauyi, ki tafi da shi ya ji daga bakin likita. Ruwa-ruwa da ɗan ɗigon jini ba abin tsoro ba ne. Amma jini mai yawa, zazzaɓi, ruwa mai wari ko ciwon mara mai tsanani, a tafi asibiti a ranar.

Na uku, ki koma gwaji bayan wata 12, ko kafin nan in likita ya sa miki rana. Ki adana katinki kamar yadda kike adana littafin zubinki.

In an ga saura

Kar ki ce aiki ya ɓaci. Sau da yawa ƙara aikin kawai ake yi, a cire abin da ya rage. Cire mahaifa sai in babu wata hanya, kuma sai an yi shawara da ke. Wadda aka yi wa yanka tana ɗaukar ciki, amma ta faɗa a wajen awo, don wani lokaci haihuwa kan zo kafin lokaci. A cikin garin Sakkwato akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha.

Aikin ƙungiya

Abin da ke hana mace komawa daga Kware, Boɗinga ko Wamakko yawanci kuɗin mota ne da mantuwa. Ku tattauna a zamanku: asusun taimakon juna zai ɗauki kuɗin motar mai komawa gwaji? In kun yarda, ku rubuta shi cikin dokokinku. Wadda ta amince ta faɗa wa sakatariya watan komawarta, a haɗa mata shi da abin da ba a mantawa, kamar watan azumi ko Babbar Sallah. A samu mace ɗaya ta raka ta. Maganar ciwonta kuma amana ce, ba ta fita daga wurin zama.

'Ya'yanmu mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kuwa, tun Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi musu allurar rigakafin HPV kyauta. Ku tambaya a asibitin garinku.