Tsofaffin Bindigogin Farauta: A Gyara A Harba, Ko A Adana?

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wata gardama da ta daɗe tsakanin mafarauta da masu tara kayan tarihi a Ingila da Amurka, watau ko ya kamata a yi wa tsohuwar bindiga mai baki biyu kwaskwarima a ci gaba da harba ta, ko kuwa a bar ta yadda maƙerinta ya ƙera ta. Bindigogin da ake magana a kansu su ne irin na gidajen ƙira kamar Westley Richards na Birmingham, wanda aka kafa a 1812, da Purdey na Landan, wanda aka kafa a 1814.

Tushen Matsalar

Abubuwa uku ne suka haddasa gardamar. Na farko, da yawa daga cikin bindigogin ƙarni na 19 suna da bututun da ake kira Damascus, wanda ake yi ta hanyar murɗa sillayen ƙarfe iri biyu, a naɗe su, a haɗe da wuta da guduma. An yi yawancinsu ne domin baƙin albarushi, alhali kuwa albarushin zamani marar hayaƙi ya fi matsa wa bututu. In tsatsa ta ci mahaɗin sillayen, bututun yana iya fashewa a hannun maharbi.

Na biyu, mazaunin harsashi na tsofaffin bindigogin Ingila inci biyu da rabi ne, watau milimita 65, amma harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu milimita 70 ne. Na uku kuma, an hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a Amurka a 1991, da Ingila a 1999, domin dalma guba ce ga tsuntsayen da ke haɗiyarta. Ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbinta kuwa suna da tauri, suna iya ƙarje cikin tsohon bututu ko su kumbura shi.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu son gyara suna ganin cewa don harbi aka ƙera bindiga, wadda kuwa aka kulle a akwati ta rasa ma'anarta. Saboda haka sukan sa maƙeri ya ƙara zurfin mazaunin harsashi, ko ya yanke tsohon bututu ya bar gindinsa, sa'an nan ya cusa sabo a ciki. Dokar Ingila ta yarda da wannan, amma bisa sharaɗi. Haramun ne a sayar da bindigar da aka yi wa irin wannan aiki sai an mai da ita ɗaya daga cikin gidajen gwaji biyu, na Landan ko na Birmingham wanda aka kafa a 1813. A can ake harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi.

Masu son adanawa kuwa suna cewa kada garin neman gira a rasa ido. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, kuma zanen da ke jikin bututun Damascus shaida ce ta wata fasaha da masu ita suka kusa ƙarewa. Bugu da ƙari, a kasuwar gwanjo bindigar da aka sake wa bututu takan faɗi daraja ƙwarai. Ko gwajin kansa yana da haɗari, domin bututun da bai jure ba ya lalace ke nan har abada.

Kammalawa

In an auna hujjojin, za a ga cewa ba hukunci ɗaya ya hau kan kowace bindiga ba. Wadda irinta ta yi ƙaranci, ko take da alaƙa da wani sanannen al'amari, wurinta gidan tarihi ne, kamar Royal Armouries na Leeds. Wadda kuwa aka ƙera ire-irenta da yawa, kuma bututunta ya riga ya lalace, gyara shi ne ceton ta. Tsakanin waɗannan akwai hanya ta uku, watau a sake harsashi a bar bindiga: har yanzu ana yin gajeren harsashi mai sauƙin ƙarfi, ana kuma yin ƙwayoyin bismut masu taushi kusan kamar dalma. Amma kowace hanya aka bi, wajibi ne ƙwararren maƙeri ya fara auna kaurin bututun, domin hannun maharbi ya fi kowace bindiga tsada.