Shikira: Yadda Ramin Zinare Ya Kashe Yaran da Ba Su Taɓa Shigarsa Ba

Duk wanda ya waiwayi tarihin haƙar ma'adinai a Najeriya, Inugu ce take fara faɗo masa a rai. Can aka gano kwal a 1909, can ne kuma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Kwarin Iva ranar 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da suke yajin aiki. Waɗannan mamatan sun shiga littattafan makaranta. Masarautar Kagara da ke Jihar Neja ba ta da kwal. Zinare ne arzikin ƙasarta, kuma mamatanta ba su samu irin wannan tunawa ba.

A watan Mayun 2015 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, wadda Kagara ce hedikwatarta. Dukkansu ba su kai shekara biyar ba. Ƙauyukan Shikira da Magiro da Kawo ne abin ya fi shafa, kuma gwaji ya nuna gubar dalma ce ta yi ajalinsu.

Babu rami ko ɗaya da ya rufta. Dutsen da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da zinare da dalma a haɗe, ga shi kuma mahaƙan ba su da wurin sarrafa shi sai gida. A kan dake shi a turmi, a niƙe shi, wani lokaci da irin injin da ake niƙa hatsi, sannan a wanke garin a tace. Ƙurar sai ta sauka a tsakar gida, inda ake shanya da girki, inda yaro mai rarrafe yake dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin zuƙar dalma, ita kuwa kai tsaye take taɓa ƙwaƙwalwa. Daga amai da zazzaɓi sai jijjiga, alamomin da a karkara aka saba jingina wa cizon sauro ko iska. Wanda ya tsira ma yana iya tashi da raunin fahimta har ƙarshen rayuwarsa.

Abin takaicin shi ne ba sabon darasi ba ne. Shekara biyar kafin nan, a 2010, irin wannan guba ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Maganin ma yana da sharaɗi mai tsauri. Akwai magani da ke janye dalma daga jini, amma ba ya amfani idan yaron zai koma gidan da ke cike da ƙurar. Dole sai an kankare ƙasar tsakar gida, an kwashe ta, an zuba sabuwa. Saboda haka likitocin ƙungiyar MSF ba su iya fara cikakkiyar jinya ba sai da aka yi wannan aiki, shi kuwa ya tsaya jiran kuɗin gwamnatin tarayya fiye da shekara guda. Sai a 2016, bayan matsin lamba daga masu fafutuka irin su Follow The Money, aka share ƙauyukan.

Haƙar dai ba ta tsaya ba, domin abin da buhun dutse ke kawowa a mako gona ba ta kawo shi, musamman tun da 'yan bindiga suka hana noma a sassan Rafi da dama. Ramin kuma ya ci gaba da karɓar nasa rabon ta tsohuwar hanya: ranar 3 ga Yuni, 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wata mahaƙa ta rufta da ma'aikata a Galkogo da ke Ƙaramar Hukumar Shiroro, maƙwabciyar Rafi, aka shafe kwanaki ana tono domin a kai gare su.