Injin Gyaran Bakin Ciyawa: Yadda Za Mu Yi Aiki da Shi Lafiya

Injin yankan ciyawa yana aske fili, amma ba ya iya daidaita bakin ciyawar inda ta haɗu da daɓen hanya ko gadon furanni. Wannan aikin na wani ƙaramin inji ne dabam, wanda wuƙarsa ta ƙarfe take juyawa a tsaye kamar tayar keke, tana tsaga ƙasa.

Haɗarinsa a nan yake. Tun da wuƙar cikin ƙasa take shiga, duk tsakuwa ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba da ta tarar, sai ta cilla ta da ƙarfin da zai iya fasa ido. Saboda haka kafin mu ja igiyar tayar da inji, sai mu bi layin da ƙafa mu tsince waɗannan abubuwa. Mu tambayi mai lura da gine-gine inda aka binne wayar lantarki da bututun ruwa. 'Yan kallo kuwa, musamman ƙananan yara da suke zuwa sujada, su ja baya aƙalla mita 15. Mai aiki ya sa tabarau na kariya, da abin toshe kunne, da dogon wando, da takalmi sau-ciki. Silifas ba takalmin aiki ba ne, ko da ana zafi.

Wajen yanka, kada mu nutsa wuƙar gaba ɗaya. Zurfin santimita 3 zuwa 5 ya isa. Idan ciyawa ta daɗe da cinye hanya, gara a bi sau biyu da a tilasta wa injin. Mu riƙe da hannu biyu, mu taka a hankali, murfin wuƙa yana wurinsa. Ƙasa mai ɗan danshi ta fi daɗin yanka, gama busasshiyar ƙasar rani tana dakushe wuƙa, tana kuma ta da ƙura.

Idan injin irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janareto, yawancin na yanzu suna son mililita 100 na mai cikin lita 5 na fetur, amma a duba littafinsa. Ba a ƙara mai sai inji ya huce, ba a kuma tayar da shi cikin sito, gama hayaƙinsa yana kisa.

Sa'ad da ciyawa ta naɗe wuƙar, mu kashe injin, mu jira ta tsaya cik, mu cire wayar fulogi, sa'an nan mu kai hannu.